Bugun da Tolkien Bai Yarda da Shi Ba

Littafin The Lord of the Rings na J.R.R. Tolkien ya fara fitowa a Ingila a 1954 da 1955, juzu'i uku masu kaurin bango, daga kamfanin Allen & Unwin. Shekara goma ya yi a haka, sai mai hali ke iya saye. Matasan Amurka ba su same shi da araha ba sai a 1965, kuma ta ɓarauniyar hanya ya iso musu.

Editan kamfanin Ace Books, Donald Wollheim, ya lura cewa masu sayar da littafin a Amurka shigo da shafukansa suke yi daga Ingila su ɗinke. A fahimtarsa, hakan ya zubar da haƙƙin mallakar marubucin a dokar ƙasar. Sai Ace ya buga juzu'an uku da bango mai laushi, santi 75 kowane ɗaya, ba izini, ba ko sisi ga mai littafi.

Tolkien bai garzaya kotu ba. Ya koma kan rubutun ya yi gyare-gyare don a sami sabon bugu mai kariyar doka, wanda kamfanin Ballantine ya fitar a ƙarshen shekarar a kan santi 95, da saƙonsa a bayan bango cewa wannan kaɗai ya amince da shi. Duk Ba'amurken da ya rubuto masa wasiƙa kuma, sai ya sanar da shi abin da Ace ya aikata. Magana ta yaɗu, masu karatu suka juya baya. A 1966 Ace ya yarda zai biya shi, ya kuma daina bugawa.

A yau wannan bugu na rigima shi masu tara littattafai ke farauta. Mu da muke sana'ar rubuta manhaja mun san dalili: tsohon zubi ne ke nuna abin da aka canja daga baya. Bugun Ace yana ɗauke da rubutun farko, kafin gyaran 1965, kuma ba a sake buga shi ba.

Na halal ɗin ma yana da nasa tabon. Gaggawa ta sa Barbara Remington ta zana bangon Ballantine ba tare da ta karanta littattafan ba. A kan The Hobbit ta zana zaki da wasu tsuntsaye masu kama da jimina, alhali babu su a labarin. Tolkien ya yi ƙorafi, aka goge zakin a bugun baya. Shi ya sa mai saye ke fara duba ko zakin yana nan, sannan farashin da ke jikin bango, sannan shafin da ke faɗin bugu na nawa ne.

Sai dai lokaci ba ya jira. An yi waɗannan littattafai ne don a karanta a jefar. Takardarsu mai araha tana rikiɗa ruwan ƙasa tana karyewa, gam ɗin da ya riƙe shafukan yana bushewa. Bugun marmari yana da mai adana shi tun ranar farko. Na santi 75 kuwa aljihun ɗalibai ya sha, kuma ta hannunsu Tolkien ya zama na kowa. Idan muka bar shi ya ruɓe, shaidar yadda masu karatu suka ƙwato wa marubuci haƙƙinsa ce za ta tafi.