Gada a rufe, Télé Sahel a cikin waya

Toumboutou na cikin ƙaramar hukumar Malanville, a ƙurewar arewacin Jamhuriyar Benin, kuma kogin Kwara ne ya raba yankin da Gaya ta Nijar. Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawan wurin suna da dangi a ƙetaren ruwa, don haka muryar gwamnatin Yamai ba baƙuwa ba ce a kunnensu.

An buɗe gidan rediyon Nijar a 1958, shekara biyu kafin samun 'yancin kai. A 1974, shekarar da Seyni Kountché ya karɓi mulki, aka raɗa masa suna La Voix du Sahel, wato Muryar Sahel. Talabijin kuwa da karatun yara ta fara a 1964, sai ƙarshen shekarun 1970 Télé Sahel ta tsaya da ƙafarta. A zamanin da, ɗan ci-rani a Kwatano ko Kumasi sai ya yi ta murza rediyo a gajeren zango kafin ya tsinci labarin gida cikin shuuu. Tauraron ɗan Adam ya zo ya sauƙaƙa, wayar hannu da Facebook suka ƙarasa aikin. Sai dai kafin nan tashoshi masu zaman kansu irin su Anfani da Ténéré da Dounia sun riga sun janye masu sauraro da yawa, tashar gwamnati ta zama ta bukukuwa da jawaban ministoci.

Daren 26 ga Yulin 2023 ne ya maido mata da jama'a. A Télé Sahel Kanar Amadou Abdramane ya karanta sanarwar hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum, a nan kuma Janar Abdourahamane Tiani ya bayyana a matsayin jagoran juyin mulkin bayan kwana biyu. Ranar 30 ga wata ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, gadar Malanville ta tsaya cik, manyan motoci suka yi jerin gwano da kayan da suka ɗauko daga tashar jirgin ruwan Kwatano. Farkon Agusta sojoji suka dakatar da RFI da France 24, a Disambar 2024 kuma BBC ta bi sahu na wata uku. Ƙofofin labari suka ragu, kuma duk wata doka sai ta bakin Télé Sahel take fitowa.

Wanda ke kallonta daga gaɓar Benin ba lallai ya gaskata duk abin da ya ji ba. Ni ma ina ganin tashar da ba ta ba ɗan adawa bakin magana rabin labari take bayarwa. Amma direban da motarsa ke fake da ɗan kasuwar da hatsinsa ke jibge, wannan rabin ne abincinsu ya rataya a kansa. Ga kuma harshe: Tiani kan yi doguwar hira da Hausa da Zabarmanci, kamar ta ƙarshen Disambar 2024 da ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa, aka yi ta yanka ta guntu-guntu ana turawa ta WhatsApp.

ECOWAS ta ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren na gadar. Nijar ta bar nata a toshe, tana zargin Benin da ba sojojin Faransa masauki, zargin da Benin ta musanta. Masu zuwa Gaya suka ci gaba da shiga kwale-kwale, wayoyinsu a aljihu, gadar na tsaye a gefensu ba kowa a kanta.