Wane Ne Mai Hoto? Tarihin Tsayuwa Gaban Kyamara daga Akra zuwa Tamale

In Bahaushe ya ce "mai hoto", yana nufin wanda ke riƙe da kyamara. Amma "mai" kalmar mallaka ce, kamar a mai gida da mai doki, saboda haka wanda fuskarsa ke jikin katin shi ma yana da hujjar cewa shi ne mai hoton. Wannan harshen damo ya taɓo babbar tambaya a tarihin sana'ar a ƙasar Gana: tsakanin mai ɗauka da wanda aka ɗauka, wa ke da iko da hoton?

Hausawa sun daɗe a arewacin Gana ta hanyar fataucin goro zuwa Gwanja. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 fatake suka watsu zuwa wasu zanguna, kuma Tamale ta samu rabonta, musamman da Turawan Ingila suka mai da ita hedkwatar yankin Arewa a 1907. A wancan zamani kyamarar da ta iso arewa galibi a hannun baƙo take: jami'in mulki, ko ɗan mishan, ko mai binciken al'adu irin R. S. Rattray, wanda ɗaliban Hausa suka sani da littafin tatsuniyoyi da karin magana na 1913, ya kuma wallafa bincikensa kan al'ummomin arewacin ƙasar a 1932. Wanda aka tsayar gaban irin wannan kyamara samfuri ne na ƙabilarsa. A katunan gidan waya na lokacin akan rubuta "ɗan kasuwa Bahaushe" a ƙarƙashin hoto, ba suna, ba gari, shi kuwa da wuya ya ga katin da idonsa.

A bakin teku abin ya sha bamban. Iyalan Lutterodt suna sana'ar hoto a Akra tun ƙarni na 19, kuma a 1922 J. K. Bruce-Vanderpuije ya buɗe gidan hoto na Deo Gratias a unguwar Jamestown. A gidan hoto, wanda ya zauna kan kujera shi ke biya, don haka maganarsa ake bi. Shi zai zaɓi tufafinsa, ya zaɓi labulen da za a rataya a bayansa, ya ce a sa masa rediyo ko agogo a gefe. Aikin mai ɗauka shi ne ya gyara masa zama, ya ɗaga masa haɓa, ya daidaita fitila, sannan bayan wanki ya bi dodon hoton da fensir yana share ƙuraje da tamoji. Da sana'ar ta hau arewa, da wannan tsari ta zo: ranar Sallah ko bikin Damba, mutum ya sa babbar riga ko batakari, ya je ya sayi kamannin da yake so dangi su tuna shi da su.

James Barnor, wanda aka haifa a 1929, ya yi aiki a tsarin biyu, shi ya sa rayuwarsa ta fi kowace nuna inda al'amarin ya juya. A farkon shekarun 1950 ya buɗe gidan hotonsa, Ever Young, a Jamestown, yana kuma ɗauko wa jaridar Daily Graphic hotuna. A 1959 ya tafi Ingila, inda ya riƙa yi wa mujallar Drum hotunan bango. A nan mujalla ce ke biya, mai ɗauka ke zaɓen wuri da tsayuwa, hoton kuma ya tafi kasuwa ya shiga hannun dubban mutanen da matar ba ta sani ba. Hausa ba ta da kalma guda ga wannan aiki. Kafofin labarai kan ce "mai tallan kayan ƙawa", fassarar da ta kama tallan ta bar tsayuwar, alhali tsayuwar ce gwanintar. Abin da ya raba Barnor da masu katunan mulkin mallaka shi ne ya riƙe sunaye. Har yau ana sanin Erlin Ibreck da Marie Hallowi, waɗanda ya ɗauka a 1966, kuma duk wanda ya dubi hotunan zai ga mata ne da suka saki jiki da mai ɗaukarsu, ba waɗanda aka tsayar kamar turke ba. Sai dai shi ma bai tsira gaba ɗaya ba. Bayan ya dawo Akra ya kafa wurin wankin hoto mai launi, ya ɗauki wata ma'aikaciyar shagon Sick-Hagemeyer riƙe da jarkokin roba kala-kala, don gwajin launi kawai. Hoton ya zama ɗaya daga cikin mafi shahara a ayyukansa, amma da aikinta ake ambatonta a gidajen nune-nune.

Felicia Abban, mace ta farko da ta riƙi hoto sana'a a Gana, ta warware matsalar ta hanyarta. Kafin ta fita biki takan yi ado ta ɗauki kanta a gidan hotonta na Jamestown, ta zama mai hoto ta fuska biyun. Waɗannan hotuna ne Gana ta kai baje kolin fasaha na Venice a 2019.

A wannan shekarar ce Ibrahim Mahama, ɗan Tamale, ya buɗe cibiyar fasaha ta SCCA a garin, ga kuma Nuku Studio ta Nii Obodai da ke horar da masu ɗaukar hoto a can. Wayar hannu ta rage wa tsofaffin gidajen hoto ciniki, amma ta buɗe wata kasuwa: teloli da masu sayar da batakari suna neman wanda zai sa kayansu a ɗauka a ɗora a Instagram da Facebook. Budurwar zango da ta yarda ta tsaya tana da lissafin da Erlin Ibreck ba ta yi ba a Landan, domin hoton zai iso wayar kawunta kafin magariba, kuma babu dodon hoto da za ta karɓa ta ɓoye a akwati. Shi ya sa kafin a kunna fitila ake fara daidaitawa kan mayafi, da kuɗin aiki, da inda za a sa hoton, da kuma ko za a rubuta sunanta a ƙarƙashinsa ko a'a.