Riƙon Ma'aikata a Shekarun Tsadar Rayuwa

A ranar 29 ga Mayu, 2023, a jawabinsa na karɓar mulki, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Kafin mako ya zagayo, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta doshi 500, zuwa Oktoban 2024 kuwa ta haura 1,000. A watan Yunin 2023 Babban Banki ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da gwamnati take sayarwa wajen naira 460 ta zarce 1,500 a farkon 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024. Masu masana'antu a Sharaɗa da Bompai da Chalawa sun sami ƙarin nauyi a Afrilun 2024, da aka mayar da kuɗin wutar rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, naira 225 kowane kilowat-awa. A irin wannan hali ne mai kamfani ko mai shago yake neman ma'aikatansa su ci gaba da aiki da zuciya ɗaya, alhali shi kansa bai san abin da gobe za ta haifar ba.

Abin da ya bambanta wannan matsi da wanda yawancin littattafan gudanarwa suke magana a kai shi ne, a nan ba maigida ne ya rage albashi ba, kasuwa ce ta rage. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 na 2019 zuwa 70,000 a Yulin 2024, amma na farkon ya kai kimanin dala 83 a lokacinsa, na biyun bai cika dala 50 ba. Saboda haka maigida yana iya rantsuwa bai taɓa kwabon kowa ba, kuma gaskiya ya faɗa, ma'aikacin kuma ya rantse an talauta shi, shi ma gaskiya ya faɗa. Yawancin ɓacin ran da ake gani a wuraren aiki daga wannan giɓi yake tasowa.

Masanin tattalin arziki Truman Bewley na Jami'ar Yale ya tattauna da mutum sama da 300, galibi manajoji da shugabannin ƙwadago, lokacin koma bayan da Amurka ta shiga a farkon shekarun 1990, ya wallafa sakamakon a 1999. Ya gano cewa manajoji sun gwammace su sallami wasu da su rage albashin kowa, domin rage albashi yana kashe gwiwar waɗanda suka rage a wurin, sallama kuwa tana fitar da masu baƙin cikin waje. Hujjar tana da ƙarfi, sai dai an gina ta a ƙasar da wanda ya rasa aiki yake karɓar tallafin rashin aiki na wasu watanni. A Kano ko Kaduna babu wannan. Wanda aka sallama yana komawa gida ne inda baki goma suke jiransa, kuma sau da yawa maƙwabcin wanda ya tsira ne, ko ɗan uwansa, ko a masallaci ɗaya suke salla. Baƙin cikin ba ya fita daga ma'aikata, zagayowa yake ya shigo ta hannun waɗanda yanzu za su ɗauki nauyinsa. Jamus ta kauce wa wannan a 2009 da tsarin rage sa'o'in aiki wanda gwamnati take cike wani ɓangare na albashin da aka rasa, kuma ma'aikata sama da miliyan ɗaya suka shiga cikinsa. Mu ba mu da gwamnatin da za ta cike, amma rabon kwanakin aiki yana yiwuwa. Jihar Kwara ta mayar da zuwa ofis kwana uku a mako a Yunin 2023 don rage wa ma'aikata kuɗin mota, kuma duk ma'aikatar da aikinta zai lamunta tana iya yin haka.

A ganina, abu mafi nauyi a hannun shugaba a irin wannan lokaci shi ne ranar biya. Ana yawan raina shi saboda ba ya kama da hikimar jagoranci. Amma a dubi yadda ƙaramin ma'aikaci yake rayuwa. Mai shagon unguwa yana da littafi, a ciki an rubuta sunansa: mudun shinkafa, kwalbar mai, sabulu, omo, duk sai ƙarshen wata. Yana cikin adashi wanda zubinsa yake da rana. Mai gidan haya ya san ranar, makarantar yara ma ta sani. Idan albashi ya makara kwana goma, mai shago zai rufe littafin, uwar adashi ta fara aike, mutumin ya fara bin wata hanya don kada ya wuce ta ƙofar wanda yake bin sa. Yana tsaye a gaban inji, hankalinsa yana can. Wani bincike da Supreet Kaur da Sendhil Mullainathan da abokan aikinsu suka yi a jihar Odisha ta Indiya, a kan masu ɗinka faranti da ganye, ya nuna cewa waɗanda aka ba wani ɓangare na ladansu da wuri sun fi yawan aiki da kusan kashi 7 cikin ɗari, sun kuma rage kuskure, alhali jimillar kuɗin ba ta canza ba. Ke nan maigidan da ba zai iya ƙari ba har yanzu yana da abin bayarwa: ya tsayar da rana ya riƙe ta, ko ya raba biyan gida biyu a wata, ko ya ware kuɗin mota ya riƙa bayarwa mako-mako.

Sai kuma yadda ake faɗin mugun labari. A 1990 Jerald Greenberg ya wallafa nazarin wani kamfani a Amurka wanda ya rasa manyan kwangiloli, ya rage albashi da kashi 15 cikin ɗari na mako goma a masana'antunsa biyu. A ɗaya shugaban kamfanin ya zo da kansa, ya baje lissafi, ya nuna damuwarsa, ya zauna ya amsa tambayoyi. A ɗayar an yi gajeren taro an sanar an tashi. Satar kayan aiki ta ƙaru a duka biyun, amma ta fi muni ƙwarai a inda ba a yi bayani ba, haka ma masu ajiye aiki. Ragin iri ɗaya ne, mutuncin da aka ba mutane ne ya bambanta. A wurarenmu abin da aka saba ji shi ne “a yi haƙuri, ana cikin wani hali”, daga nan sai shiru. Inda shugaba ya yi shiru kuwa jita-jita ce take cike gurbin, kuma kullum ta fi gaskiyar muni. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ma, a sashe na 20, ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya sanar da ƙungiyar ma'aikata dalili da yawan waɗanda rage ma'aikata zai shafa, ya kuma bi ƙa'idar wanda ya zo ƙarshe shi zai fara tafiya, tare da la'akari da ƙwazo da amana.

Bayani kuma ba ya cin kasuwa sai an ga mai bayanin yana ɗanɗana abin da yake faɗa. Malamai suna yawan kawo labarin Sayyidina Umar a shekarar fari ta 18 bayan Hijira, yadda ya haramta wa kansa man shanu har sai jama'a sun samu. Ma'aikata suna lura da abin da shugaba yake tsammanin ba sa gani. Manajan da ya soke shayin safe na leburori, sannan ya shigo da sabuwar mota a watan, ya rushe duk jawabin da zai yi a shekarar. A rikicin tattalin arzikin 2009 kamfanin Barry-Wehmiller na Amurka, ƙarƙashin Bob Chapman, ya ƙi sallamar kowa, ya ɗora wa kowa hutun mako huɗu ba albashi, daga shugaba har ƙaramin ma'aikaci.

Kasuwanninmu suna da nasu tsarin, kuma ina jin ba a ba shi haƙƙinsa a nazari. A Kantin Kwari yaron shago ba albashi kaɗai ya riƙe shi ba. Akwai kuɗin abincin rana, da kayan azumi, da ɗinkin salla, da takardar asibiti idan matarsa ta haihu, sannan akwai fatan ranar da ubangida zai sallame shi da jari. Wannan alaƙa tana jure girgiza fiye da takardar kwantiragi, domin kowane ɓangare yana ganin ɗayan a matsayin nasa. Amma tana da rauni babba: komai ya rataya a kan halin mutum ɗaya, ba a rubuce yake ba. Idan ciniki ya tsaya, sallamar da aka yi alkawari bana sai ta koma baɗi, baɗi ta koma wata baɗin, yaron ya yi gemu a shago ba shi da inda zai kai ƙara. Ubangidan da ya kira yaronsa ya ce masa, “Ka ga yadda dila ta koma, bana ba zan iya ba, amma ga abin da na ware maka, ga kuma lokacin”, ya fi wanda ya bar maganar tana lilo.

Dole a faɗi iyakar duk wannan. Frederick Herzberg tun 1959 ya raba tsakanin abubuwan da suke hana ƙorafi, kamar albashi da tsaron aiki, da waɗanda suke sa ƙwazo, kamar yabo da girma da jin daɗin aikin kansa. Na biyun ba sa tsayuwa idan na farkon sun rushe. Takardar yabo ta gwarzon wata ba ta sayen masara, kuma ƙwararrun da suke da mafita, likitoci da ma'aikatan jinya da masu aikin kwamfuta, sun nuna haka da ƙafafunsu. Tsofaffin ma'aikatan masaƙar KTL ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1957 aka rufe a 2002, sun shafe shekaru suna bin haƙƙoƙinsu, wasu har suka rasu ba su karɓa ba, kuma 'ya'yansu ne suke cikin masu neman aiki a yau, da wannan labari a ransu.

A farkon 2025 Hukumar Ƙididdiga ta sauya ma'auninta, adadin hauhawar na Janairu ya sauko zuwa kashi 24.48. Hakan na nufin kaya sun ci gaba da tashi, gudun ne kawai ya ragu a lissafi. Ma'aikatun da suka dakatar da alawus da ƙarin girma da kuɗin aikin bayan lokaci a 2023, da sunan na ɗan lokaci ne, wasunsu ba su faɗi ranar maido da su ba, ba su kuma faɗi ma'aunin da za a duba a ce lokacin ya yi ba. Ma'aikatan suna riƙe da lissafin wata-wata, kuma suna kallon yawan motocin da suke fita da kaya daga ƙofar masana'anta.