Bala Miller da Ƙungiyar Pirameeds: Kiɗan Jaz da Hailaif Cikin Harshen Hausa

1.0 Gabatarwa

Manazarta waƙar baka sun saba kasa makaɗan Hausa zuwa na yaƙi da na fada da na sana'a da na jama'a. Sai dai akwai wani rukuni da wannan rabe-rabe bai tanadar wa gurbi ba, wato makaɗan da suka rera waƙa da Hausa bisa kayan kiɗan Turawa. Wannan maƙala za ta bi tarihin fitacciyar ƙungiya a wannan rukuni, wato Great Music Pirameeds of Africa ta Bala Miller, tun daga tushenta a Ikko, domin a ga dalilin da ya sa nazari ya tsallake ta.

2.0 Ikko da Kaɗe-kaɗenta

Tun bayan da layin dogo daga Ikko ya isa Kano a 1911, fataken goro da na shanu suka ƙara yawaita a Agege, inda zangon Hausawa ya bunƙasa har da sarautarsa. Waɗannan baƙi sun taho da kiɗansu na gida. Makaɗan kalangu da na goge su ne ke raya bukukuwan aure da na suna a zango, suna wasa attajirai, ana yi musu kari.

A cikin gari kuwa wani kiɗa ne daban yake tashe. Badujalar soja da ta 'yan sanda da ta makarantun mishan sun horar da matasa busa ƙahonin Turawa, sa'an nan fayafayan garmaho suka kawo jaz daga Amurka. Da Bobby Benson ya komo daga Ingila a 1947, sai ya kafa ƙungiyar da ta gauraya jaz da hailaif, wadda daga cikinta Victor Olaiya ya fito ya kafa Cool Cats. Ziyarar Louis Armstrong a 1960 ta ƙara wa wannan kiɗa farin jini. Ke nan kaɗe-kaɗe biyu suka zauna a birni ɗaya, kowane da gidan rawarsa da masu saurarensa.

3.0 Bala Miller da Kafuwar Ƙungiya

An haifi Bala Miller a Pankshin a 1928. Mahaifinsa limamin coci ne daga mishan ɗin Zariya, inda Dokta Walter Miller ya yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki da aka buga da Hausa a 1932. Saboda haka Bala ya tashi da Hausar Zazzau a bakinsa, da waƙoƙin coci a kunnensa. Ya yi karatu a makarantar C.M.S. Grammar ta Ikko, a nan ya shiga badujala, daga bisani ya yi hulɗa da makaɗan hailaif na birnin, musamman Olaiya, alhali yana aikin kamfani.

Da ya komo Arewa sai ya mai da hankali ga horar da matasa. A zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya taimaka wajen kafa makarantar koyon kiɗa a Kano. Ya kuma yi aiki a shirye-shiryen bikin FESTAC na 1977. A ƙarshen shekarun 1970 ne ya kafa Pirameeds, ta yi zamanta a Kaduna.

4.0 Ayyukan Ƙungiyar

Pirameeds babbar ƙungiya ce mai masu busa da masu jita da masu ganguna da 'yan amshi. Ta yi wasa a gidajen rawa da tarurrukan gwamnati, ta buga fayafayai, kuma a shekarun 1980 Gidan Talabijin na Ƙasa ya riƙa nuna shirin Bala Miller Show, wanda ya kai waƙar Hausa gidajen da ba a jin Hausa. Waƙarta da ta fi shahara ita ce "Ikon Allah".

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne yadda aka juya matsayin kiɗa da waƙa. A wajen Mamman Shata ko Ɗanmaraya Jos, magana ce gaba, kalangu ko kuntigi na biye da ita. A wajen Pirameeds kuwa ɗiyan waƙa gajeru ne, ana maimaita su, sa'an nan a bar wa masu busa fili mai tsawo, kamar yadda tsarin jaz ya gada. Haka kuma babu ubangida da ake wasawa. Jigon ya fi karkata ga wa'azi da gargaɗi da zaman duniya. Wannan ne ya sa Bahaushen zango, wanda ya saba auna makaɗi da zalaƙarsa da iya kirarinsa, ya ɗauki abin a matsayin kiɗan 'yan boko, mutanen Kudu kuma suka ɗauke shi kiɗan Hausa.

5.0 Kammalawa

Bala Miller ya rasu a 2003. Salon nasa bai sami magada ba, domin waƙoƙin finafinan Hausa da suka mamaye kasuwa daga shekarun 1990 sun dogara ne ga fiyano mai kwaikwayon kowane kayan kiɗa, ba ga taron mabusa ba. Duk da haka shi ne ya nuna tun da wuri cewa karin sautin Hausa na iya hawa kiɗan baƙi ba tare da ma'ana ta salwanta ba. Ya kamata sassan nazarin Hausa su tattara fayafayan Pirameeds da hotunan shirinta na talabijin, a rubuta matanin waƙoƙin, a kuma buɗe musu gurbi a rabe-raben makaɗan Hausa tun sauran waɗanda suka yi kiɗa tare da shi suna da rai.