Taurari Masu Bugu: Waiwaye a Kan Tarihin Gano Su

Wannan maƙala ta waiwayi yadda aka gano taurarin da haskensu ke bugu tamkar zuciya, da rawar da wani ɗan Nijeriya ya taka a ciki.

An haifi Samuel Okoye a 1939 a Amawbia, garin da ke tsakanin Anacha da Inugu. Bayan ya yi karatu a Badun, sai ya wuce Jami'ar Kambirij ta Ingila. A 1965 shi da malaminsa Antony Hewish suka ba da rahoton wani ɗan mitsitsin abu mai watsa igiyar rediyo a cikin Gajimaren Ƙaguwa, wato burbushin tauraron da aka ga tarwatsewarsa a 1054, a sashen sama da bai yi nisa da Kaza da 'Ya'yanta ba. Sai a 1968, shekara guda bayan Jocelyn Bell ta gano tauraro mai bugu na farko, aka tabbatar cewa abin nan ƙwallon mushen tauraro ne, mai juyawa sau 30 a daƙiƙa. Okoye ya dawo gida, ya kafa cibiyar binciken sararin samaniya a Jami'ar Nijeriya ta Nsukka a 1972. Ya rasu a 2009.

Tauraron Okoye dai tilo ne. Masu abokin zama kuwa, tauraron ɗan'adam mai suna Uhuru, wato 'yanci da Suwahilanci, shi ya tona asirinsu. An harba shi daga gaɓar Kenya ranar 12 ga Disamba, 1970, kuma a 1971 ya nuna cewa Centaurus X-3 na bugu duk bayan daƙiƙa 4.8. Mushen tauraron yana zuƙar iskar abokinsa; iskar ba ta faɗa masa kai tsaye, sai ta kewaye shi ta zama faifai, ta yi zafin da har take fitar da hasken eksire, irin na ɗaukar hoton ƙashi a asibiti. A wasu ma'auratan kuma, babban tauraron ne ke da nasa faifan, kuma masana da dama na ganin kaɗawar jikinsa ce ke taimakawa wajen watso iskar da ke gina shi.

A nan ne manazarcin harshe ke da ta cewa. Turanci na kiran al'amura biyun nan da kalma guda, alhali kuwa ba ɗaya suke ba: na farko walƙiyar abu mai juyawa ce, na biyu kumburi da motsewar jikin tauraro. Hausa na da “bugu” da “kaɗawa”, don haka bai kamata mai ƙirƙirar kalmomin kimiyya ya ari ruɗanin tare da ma'anar ba.