Kamfas na kwale-kwalen kamun kifi: abin da ya kamata mai saye ya sani

A unguwar Briqueterie ta Yawunde, wadda mazauna ke taƙaita wa suna Brik, akasarin mutane sun san kamfas ne a matsayin ɗan abin nan da ake liƙawa a jikin darduma domin gano alƙibla. Masu jin Faransanci suna ce masa busol. To amma akwai 'yan unguwar da ke da jari a harkar kifi ko 'yan'uwa masunta a Lagdo, da Maga, da Mbakaou kusa da Tibati, da Darak a Tafkin Chadi, da kuma Lom Pangar a yankin Gabas, inda masunta daga arewa suka yi ta kwarara bayan da aka tare ruwan a 2015 da 2016. Sau da yawa ɗan birni ake yi wa waya a ce ya sayo kamfas ya aika a mota, alhali shi bai taɓa shiga jirgi ba. Kuskuren saye daga nan yake farawa.

Waɗannan ruwaye ba ƙanana ba ne. Tafkin Lagdo, wanda aka kammala madatsarsa a 1982, ya haura murabba'in kilomita 500 idan ya cika, haka ma na Lom Pangar. Daga Disamba zuwa Fabrairu, idan hazo ya sauka, mutum yana iya rasa ganin gaɓa da tsakar rana, rana kanta ta koma kamar farin faifai. A Tafkin Chadi kuwa abin ya wuce ɓata hanya kawai. Ƙasashe huɗu ne suka haɗu a kan ruwan, ba kuma wata alamar iyaka da ido zai gani, ga sassan da 'yan bindiga ke kai-komo. Masuncin da ya karkace da dare yana iya wayar gari a inda bai kamata a gan shi ba.

Yadda yake aiki

Duniya kanta kamar ƙaton maganaɗisu take, don haka duk allurar da aka sa wa maganaɗisu aka bar ta tana juyi za ta miƙe tsakanin arewa da kudu. Malamin Sin Shen Kuo ya bayyana hakan a 1088, kuma kafin ƙarshen ƙarni na 13 Sarkin Yaman al-Ashraf Umar ya rubuta yadda ake gano alƙibla da ita. An raba fuskar kamfas zuwa digiri 360: arewa 0, gabas 90, kudu 180, yamma 270.

A nan akwai abin da ke rikita Bahaushe. Idan aka ce a fuskanci gabas, salla ake nufi. Amma alƙibla daga Yawunde tana wajen digiri 55 ne, daga Lagdo wajen 61, daga Darak wajen 67. Gabas ta kamfas daban, gabas ta liman daban, kuma wanda ya haɗa su a kan ruwa zai kauce da digiri 20 zuwa 35.

Haruffan ma sai an lura. Kamfas na Faransa yana rubuta O a yamma, na Ingila yana rubuta W. Na Jamus, wanda kan shigo cikin kayan gwanjo, yana da W a yamma, O ɗinsa kuma gabas yake nufi. In an ga W da O a fuska ɗaya, to O gabas ce. Lambobi sun fi haruffa aminci.

Wane iri?

Kamfas na darduma a bar shi a kan darduma. Yawancinsu ba ruwa a ciki, allurar tana ta rawa ko da ɗan motsi ne, kuma lambobin da ke jikinsu sau da yawa na garuruwa ne, ba digiri ba. Ƙwallon nan da direbobi ke mannawa a gilashin mota shi ma bai jure zafin rana da jijjigar inji.

Na masu tafiyar daji, mai allura ja a cikin gida mai ruwa da faffaɗan gindi na roba, yana yi wa mai tuƙi da filafili, musamman idan an rataya shi a wuya. Matsalarsa sai an riƙe shi a kwance sosai kafin ya faɗi gaskiya, wanda kuma ke riƙe da inji da hannu ɗaya yana kwarfe ruwa da ɗayan ba shi da wannan sukuni.

Ga jirgi mai inji, na jirgin ruwa na ainihi ya fi. Shi ba allura gare shi ba, faifai ne mai lambobi yake iyo a cikin ƙoƙon mai, yana zama a kwance ko jirgin ya karkata. A gabansa akwai tsayayyen layi da ke wakiltar goshin jirgi, lambar da ta zo daidai layin ita ce inda aka nufa. Faifai mai faɗin santimita 7 zuwa 10, mai zane kowane digiri 5, ya ishi kwale-kwale. Gara mai mariƙi da ake cirewa, domin a tafi da shi gida bayan su. Abin da aka bari a bakin ruwa ba kullum ake tarar da shi ba, rana ma tana dusar da gilashin har a kasa karanta lamba. Irin wannan an fi samun sa a shagunan kayan jirgi na Duwala fiye da kasuwannin Yawunde.

Akwai wani abu da masu sayarwa da yawa ba su sani ba. Maganaɗisun duniya ba gefe kaɗai yake ja ba, yana jan allura ƙasa ko sama. A Faransa yana jan kan arewa ƙasa da fiye da digiri 60, don haka masana'anta ke daidaita nauyin allurar yadda za ta kwanta a can. A yankinmu ba haka ba ne: layin da jan ke kwance sarai yana ratsa arewacin Najeriya da arewacin Kamaru, ba nisa da Marwa, daga nan zuwa kudu kuma kan arewa ɗagawa yake yi. Kamfas na hannu da aka yi wa Turai kan zo nan allurarsa ta karkata tana gogar gilashi, ta maƙale. Kamfanin Silva na Suwidin, alal misali, yana bambanta kayansa da alamun MN, ME da MS, kuma ME ce ta ƙasashen tsakiyar duniya. Na jirgi mai faifai ya fi jure wannan bambanci, amma shi ma a duba ko faifan a kwance yake.

Gwaji kafin a biya kuɗi

A fitar da shi waje, nesa da ƙofar ƙarfe da babura. A lura da lambar da ya tsaya a kai, a kawo makulli kusa har ya juya, sannan a janye. Mai kyau zai koma daidai inda yake cikin 'yan daƙiƙu, ba tare da dogon lilo ba. A sake daga ɗaya gefen. Idan ya tsaya a wata lamba daban, ko sai an ƙwanƙwasa shi, tsinken da yake juyi a kai ya ci, ba kuma gyaran da ya kai kuɗinsa. Ƙaramin kumfa da ke fitowa da sanyin asuba ya ɓace da rana ba komai ba ne. Kumfan da ke girma alamar yoyo ce. Kada a cika shi da ruwa ko man inji: wasu kamfas da tataccen mai aka cika su, tsofaffi kuma da barasa da ruwa, haɗa su yana cinye lambobin.

Inda za a kafa shi

Bambancin da ke tsakanin arewar kamfas da arewar taswira a Kamaru yanzu kaɗan ne, bai kai digiri 3 ba, masunci na iya mantawa da shi. Babban abokin gaba yana cikin jirgin: injin Yamaha da ke baya, anga, adda, tocila, batirin sola da wayoyinsa, rediyo, da wayar salula, wadda ke da maganaɗisu a lasifikarta. Ƙaramar lasifikar da samari ke jin waƙa da ita ta fi su duka ɓarna. A bar aƙalla mita ɗaya tsakanin kamfas da waɗannan, a ɗaure shi da sukurori na tagulla, ba ƙusar ƙarfe ba, kuma layinsa ya bi tsawon jirgin daidai. Karkatar digiri 5 ba ta da yawa a ido, amma a tafiyar kilomita 12 tana jefa mutum kilomita ɗaya gefe.

Bayan an kafa shi, a zaɓi ranar da gari ya yi garau, a nufi wata alama da aka sani, kamar dutse ko hasumiyar masallaci, a rubuta lambar. A juyo a kan layi ɗaya, a sake dubawa. Bambancin ya kamata ya zama 180. In ya kauce sosai, akwai ƙarfe a kusa, sai a matsar da shi ko a canja wa kamfas wuri. A sake gwajin da inji a kunne da kuma a kashe.

Wayar salula tana da nata kamfas, amma caji yana ƙarewa, ruwa yana shiga, kibiyar GPS kuma ba ta nuna gaba sai jirgi na tafiya. Shi kuma kamfas inda goshin jirgi ya nufa kawai yake faɗi. Bai san iskar hunturu na tura jirgin kudu maso yamma ba, bai kuma ga kututturan itatuwan da ruwa ya shanye a Lom Pangar. Amfaninsa yana fitowa ne ga wanda ya yi aikin tun kafin hazo: ya rubuta lambar kowace hanya daga mashiga zuwa wurin taru, da mintocin da takan ɗauka, da lambar dawowa, wato a ƙara 180 idan ta zuwa ba ta kai 180 ba, a rage idan ta wuce. Takarda tana jiƙewa, don haka gara a rubuta lambobin da fenti a jikin katakon da ke gaban matuƙi.