Kashi na Biyu a Hollywood: Tarihin Dariyar da Aka Maimaita

Fim ɗin Back to the Future na 1985 ya ƙare ne da wata mota ƙirar DeLorean ta tashi sama ta ɓace. Darakta Robert Zemeckis da abokin rubutunsa Bob Gale sun saka wannan ne don raha, ba da niyyar ci gaba ba. Sai fim ɗin ya fi kowane kawo kuɗi a shekarar, shi kuwa kamfanin Universal ba ya sakin saniyar da ke ba da nono.

A 1989 al'adar yin kashi na biyu ta kankama a fina-finan ƙagen kimiyya masu ban dariya. Ghostbusters II ya fito a watan Yuni, shekara 5 bayan na farko, da darakta Ivan Reitman da su Bill Murray da Dan Aykroyd da Harold Ramis. Kuskuren da aka tafka a fili yake. An mayar da jaruman inda suka faro: sana'arsu ta kama fatalwa ta durƙushe, mutanen New York sun daina yarda da su, sai sun sake gina kansu. A na farko ƙaton mutum-mutumin alewa ne ya ratsa titi, a na biyu aka tayar da gunkin 'yanci na birnin ya yi tafiya. Mai kallo ya riga ya san inda za a sa shi dariya, kuma raha ba ta jure haka. Mako guda bayan fitowarsa Batman ya shigo sinima ya kwashe 'yan kallo.

Su Zemeckis sun bi wata hanya mai wuya. Suka ɗauki kashi na biyu da na uku na Back to the Future a jere, ɗaya ya fito a Nuwamban 1989, ɗaya a Mayun 1990. Na biyun ya kai jarumin fim ɗin, Marty, shekarar 2015, ya dawo da shi wata 1985 da ta lalace bayan mugun fim ɗin, Biff, ya yi kuɗi da littafin sakamakon wasanni, sannan ya jefa shi cikin 1955, yana laɓe yana kallon kansa a wuraren da 'yan kallo suka sani daga fim na farko. Wannan dabara ce ta gaske, domin ta mayar da abin da mai kallo ya sani ya zama sabon abin dariya. Da ɗan wasa Crispin Glover bai dawo ba, aka yi wa wani kwalliyar fuska don ya yi kama da shi. Glover ya kai ƙara, kuma batun ya sa ƙungiyar 'yan wasan Amurka ta tsaurara dokar amfani da kamannin mutum.

Men in Black II na 2002 bai ɗauki darasi ba. Na farko, na 1997, ya rufe da goge ƙwaƙwalwar jami'i K, wato Tommy Lee Jones, rufewa mai kyau da taɓa zuciya. Na biyun ya same shi yana aiki a gidan waya, ya ɓata lokaci mai yawa wajen warware abin da na farko ya ƙulla. Sai a 2012 aka gyara, da kashi na uku ya tura Will Smith zuwa 1969, inda Josh Brolin ya fito a matsayin K yana matashi, ya kwaikwayi murya da ɗaure fuskar Jones har masu sharhi da dama suka fifita na ukun a kan na biyu.